In Baba Ya Fita, Sai a Ci

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya aiki, ya zaman daji? Mu nan duk lafiya lau, alhamdu lillahi. Umma na gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko kana cin abinci a kan lokaci. Tunda wajen aikin titin naku ko sabis babu, na koma wa biro da takarda irin na mutanen da. Direban tankarku ya ce zai riƙa kai maka duk sanda ya shigo gari ɗaukar mai.

Albishirinka! Na shiga filin ƙwallo. Ni, Auta, da ƙafata. Ka san tun ina ƙarama asma ta hana ni, kai da Baba ku tafi ku bar ni gaban rediyo, ku dawo kuna warin hayaƙi kamar an gasa ku. To bana an hana shan taba a cikin filin gaba ɗaya. Mai son sha sai ya fita bayan babbar ƙofa, mai gadi ya buga masa hatimi a hannu, in ya gama ya dawo. Ranar da aka yi sanarwar Baba ya yi ta faɗa har shayinsa ya huce, wai filin da ya fara zuwa tun ba a yi masa rufi ba, yau shi za a koya wa zama. Ni kuwa abin nema ya samu. Na ɗauko tikitinka na shekara da ka bari a durowa, na ce kujerarka ba za ta yi ƙura ba.

'Yan layin kujerunku suna nan yadda kake ba ni labarinsu. Mai Aski na hagun Baba, shi a wurinsa ba a taɓa cin mu ba sai dai alƙalin wasa ya cuce mu. Dogo na bayanmu da gangarsa. Mai Kemis kuwa tun kafin a take wasa ya gama korar koci, wai 'yan bayanmu sun zama ƙofar kasuwa, kowa ya zo sai ya wuce. Baba dai yana kan dokarsa: ba a zagin ɗan wasa muddin yana sanye da rigarmu, in da zagi a bari a je gida.

Bayan an dawo daga hutun rabin lokaci sai na ga ƙafar Baba tana rawa, yana ta shafa aljihu. Ya daure, ya daure, ƙarshe ya yi tsaki ya tashi ya fita. Yaya, ina jin ko ashana bai ƙyasta ba ɗan wasan gabanmu, Lamba Tara, ya sa kai, sai ga ƙwallo a raga! Ban san ina da murya haka ba. Baba ya dawo da gudu hula a hannu, ya tarar da mu muna tsalle. Sai da Mai Aski ya miƙe ya gwada masa yadda aka yi da kansa mai sanƙo. Da ci ɗayan nan aka tashi, kuma ka san rabonmu da nasara an kwana biyu.

Numfashina lafiya ƙalau har gida. Na ji daɗi, Yaya, daɗin da ban iya faɗa ba. Ka gaishe da abokan aikinka.

Ƙanwarka,
Auta

Yayana na kaina,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata ciwon bayan da ka ce yana damunka ya yi sauƙi. Na ga amsarka, na kuma ga inda ka ce in kula maka da kujera. Kar ka damu, har ta fara sanina.

Ana wata ga wata. Abin da na ba ka labari ya sake faruwa a wasa na gaba, ya kuma sake a na gabansa: Baba na fita, sai a ci. Dogo ne ya fara lura. Yanzu da an dawo daga hutu ba ci, sai ya sake kiɗa, ɓangarenmu gaba ɗaya ya ɗauka da “Baba, fita! Baba, fita!” Har waɗanda ba su san fuskarsa ba suna yi. Shi kuma sai ya haɗe rai, ya ce wannan camfi ne, mai hankali ba ya yarda da shi, yana faɗa yana gyara hula yana miƙewa. Mutane har kyautar kwalin taba suke kawo masa a bakin ƙofa. Umma ta ce duk wanda ya kuskura ya biyo shi da ita gida, da tsintsiya za ta raka shi.

Sau ɗaya ya yi taurin kai ya zauna har aka tashi. Ranar aka zura mana biyu, mu ko turken raga ba mu taɓa ba. Haka muka koma gida. Ko abincin da Umma ta ajiye masa bai buɗe ba. Tun daga nan bai ƙara jira a kira shi ba.

Da farko dariya nake yi, yanzu na daina. Ka duba fa, Yaya: mutumin da bai taɓa fashin wasan gida ba tun kafin a haife mu, bana ko ƙwallonmu ɗaya bai gani da idonsa ta shiga ba. Kullum sai dai mu ba shi labari a hanya, yana tambaya da wace ƙafa aka buga, wa ya ba da. Ga tarin nan nasa ya ƙaru, likita ya ce masa ya bar taba tun wuri. Sabo turken wawa, balle yanzu da rabin gari ke riƙe masa turken. Mai Kemis da ke sayar masa da maganin tari, shi ya fi kowa ɗaga murya in ana cewa ya fita.

Wani abu kuma ya faru, amma kar ka gaya wa Umma. A wasan jiya da ya dawo ya zauna, warin da ke jikin rigarsa ya shige min ƙirji, sai da na lalubo maganin shaƙata a jaka. Ba wani abu ba ne, nan da nan ya sake ni. Amma na ga yadda ya kalle ni. Sai ya ja jikinsa can gefen Mai Aski har aka tashi.

Ƙungiya kuwa har yanzu tana can ƙasan tebur, muna cin na gida ana lallasa mu a waje. Don Allah ka rubuto wa Baba ko layi biyu ne a kan tabar nan, ya fi jin maganarka. Allah ya tsare min kai.

Taka,
Auta

Yaya,

Sallama da gaisuwa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Kowa lafiya a nan. Takardarka ta iso, Baba ya karanta, ya ce tun yaushe ƙwai ya fara yi wa kaza wa'azi, sannan ya linke ta ya sa a aljihun gaba.

Zauna da kyau, akwai labari. Umma ce ta fara cewa ashanarta ta daina ɓacewa daga kicin. Sai kuma muka ga Baba yana neman ƙarin abinci, tarin asuba ya ragu. Ni ma na lura in ya dawo daga bakin ƙofa ba na jin warin komai sai na sabulu. A wasan da ya wuce, da aka fara “Baba, fita!” ya miƙe, sai na ba shi ɗan rata na bi bayansa.

Can na hango shi jikin katanga, cikin rana, nesa da masu busa hayaƙi. Karan taba ɗaya ne a tsakanin yatsunsa, ba wuta, har ya yi laushi ya lanƙwashe don yawan riƙo. Ya karkata kai, kunnensa na wajen filin. Na tambayi mai gadi, ya ce ai an daɗe rabon da ya ga dattijon nan ya kunna, kullum haka yake tsayawa har sai ya ji ihu. Da na lissafa, tun ranar da na ciro maganin shaƙata ke nan.

Da ya gan ni sai ya ɓoye hannu a baya kamar yaron da aka kama da sukari. Na ce masa, Baba, tunda ka bari, me kake yi a nan? Ya ce shi fa bai yarda da camfi ba, amma bai sani ba ko tabar ce ke kawo sa'a ko fitar, kuma ba zai yi gwaji da ƙungiya tana bakin rami ba. Ya ce kar in gaya wa 'yan layi, in suka ji ba ya sha gwiwarsu za ta yi sanyi, in gwiwar 'yan kallo ta yi sanyi kuwa har cikin fili ake ji. Wai ma yanzu ya iya kallo da kunne, yana bambance ihun bugun kusurwa da na fanareti. Muna tsaye filin ya ɗauka gaba ɗaya. Ya dube ni yana murmushi, ya ce kin ji ko, an ci. Na yi murna a fuska, amma wallahi hawaye ne ya cika min ido.

Yanzu saura wasa ɗaya, a gida. In mun ci mun tsira, in ba haka ba sai rukuni na ƙasa. Na kwana ina juya maganar. Ban so in saɓa masa, amma ban ga dalilin da zai sa a rufe shekara bai ga komai ba. Da safe na bi ta shagon Mai Aski na gaya masa, na ce sirri ne. Ka san gaya wa Mai Aski sirri daidai yake da ba da sanarwa a rediyo. Yana ji ya ajiye almakashi.

Ka taya mu addu'a. Umma na gaishe ka.

Auta

Yayana,

Assalamu alaikum. Da fatan wannan ta same ka lafiya. Ka yi haƙuri da rubutun, hannuna har yanzu bai dawo daidai ba don tafi, murya kuwa babu ita sam.

Filin ya cika maƙil. Aka tafi hutu ba ci, aka dawo ba ci. Ɓangarenmu ya fara kiran Baba, ya gyara hula zai miƙe. Sai Mai Kemis ya miƙe ƙafa ya tare hanya, Mai Aski ya dafa masa kafaɗa ya mayar da shi. Ya ce masa yau ba inda za shi. Ya ce sun bi ƙungiyar nan a rukuni na ƙasa tun suna da gashi a ka, in faɗuwar ce za su sake bin ta, amma tare za a faɗa, kowa a kujerarsa. Baba ya juyo ya harare ni, na yi kamar ina gyara ɗankwali. Dogo kuwa ya juya kiɗa zuwa “Baba, zauna!” Mutane suka rikice, wasu na fita wasu na zauna, har dai zauna ta yi rinjaye.

Kar ka so ka ga yadda lokaci ya riƙa gudu. Lamba Tara ya zubar da wata ƙwallo da ko ni zan ci. Mai Kemis ya kori koci ban san sau nawa ba, amma bai janye ƙafarsa ba. Baba ya yunƙura zai tashi, na riƙe hannunsa, duk ya jiƙe da gumi. Ni kaina na fara cewa a raina, Auta, in aka faɗa, ke kika jawo.

Ana dab da tashi muka samu bugun kusurwa. Aka yi cakwakiya a gaban raga, kowa na shuri ba wanda ya san inda ƙwallo take. Golansu ya doke ta, ta bugi mazaunan ɗan bayansu, ta gangara a hankali kamar mai jin kunya, ta tsallake layi. Yaya, tunda nake ban taɓa jin labarin ci mai muni irin wannan ba. Filin ya kusa tsagewa. Dogo ya fasa gangarsa. Baba kuwa bai yi tsalle ba. Yana zaune, ido a kan raga, hawaye na bin gemunsa. Da ya samu bakin magana sai ya ce, ashe a kan irin wannan ya shekara yana shan rana? Mai Aski ya ce masa da ƙyar na sha ya fi da ƙyar aka kama ni. Muka yi ta dariya muna kuka har alƙali ya busa tashi.

A bakin ƙofa ya ciro karan taban nan da ya lanƙwashe ya jefa a kwandon shara, mai gadi ya sara masa. Ya kuma ce shekara mai zuwa zai yankar min tikiti nawa na kaina, don haka in ka dawo za ka tarar da kujerarka, sai dai ka matsa kaɗan.

Tun ranar yake ba Umma labarin cin nan. Da farko a mazaunai ta bugu, kamar yadda aka yi. Washegari ta koma cinya. Jiya na ji yana gaya wa maƙwabcinmu wai Lamba Tara ne ya ɗauke ta a sama ya juya, gola ko motsi bai yi ba. Mu da muke wurin muka bar shi ya kai ƙarshe. Shekara guda muna ba shi labari yana saurare, yanzu layinsa ne.

In ka dawo kai ma zai ba ka. Ko daga tsakiyar fili ya ce an buga ta, kar ka musa masa. Shi ya gani.

Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Auta