Sunan Wa Zan Sa a Takardar Malantata?

Assalamu alaikum Hajiya Rahmatu. Don Allah ki taimake ni da shawara, domin kwana tara ke nan ina ɗauke da wata magana, kuma duk wanda zan iya gaya wa ita yana cikinta. Na sakaya sunana, sunayen da zan ambata ma ba na gaskiya ba ne.

Ni ɗaliba ce a shekarar ƙarshe a jami'a, ina karatun digirin malanta, ɓangaren lissafi. An haife ni a Basirka ta ƙasar Gwaram, ni ce 'yar fari. Da aka yaye ni sai Goggo A'i, yayar mahaifina, ta ɗauke ni ta tafi da ni Birnin Kudu, don Allah bai ba su haihuwa ba ita da mijinta, Malam Abdulsalami. Malam yana da makarantar Islamiyya a zauren gidansa. A gabansa na sauke, a wajensa na fara sha'awar koyarwa, don tun ina 'yar shekara goma sha biyu nake biya wa ƙananan yara karatu. Shi ya kai ni firamare, hedimasta ya tambayi sunan uba, wani malami da ya san mu ya riga shi amsawa, aka rubuta Abdulsalami. Haka sunan ya bi ni sakandare, ya bi ni jami'a, har katin ɗan ƙasa. Ban taɓa ɗaukar abin da wani nauyi ba. Basirka kuwa sai da salla ko biki, mu kwana ɗaya mu juyo.

Kin san ba a ba mu shaidar malanta haka kawai. Sai mun yi gwajin koyarwa a wata makaranta, malami ya zo daga jami'a ya zauna a bayan aji ya ba mu maki, sannan mu rubuta jarrabawar hukumar rajistar malamai, a rantsar da mu. Da aka ce kowa ya zaɓi inda zai yi gwajin, ƙawayena suka zaɓi cikin gari. Ni na rubuta Basirka. Na ce wa Goggo saboda ƙarancin malaman lissafi ne a can, kuma gaskiya ne akwai ƙarancin, amma ba shi ya kai ni ba. So nake na zauna wata uku a gidan da aka haife ni, na ga ko zan san su, su san ni.

Yau makona bakwai a nan. Hajiya, babu wanda ya yi mini laifi, shi ya sa ma na rasa yadda zan faɗi abin. An share mini ɗaki ni kaɗai, an shimfiɗa sabuwar leda, an sa labule. Ƙannena mata uku suna kwana ɗaki guda, suna cin tuwo a kwano guda, ni kuwa a samira mai murfi ake kawo mini nawa har ɗaki. Idan na fito tsakar gida suna hira sai su gyara zama, hirar ta mutu. In na ɗauki tsintsiya sai a karɓe. Inna, mahaifiyata, ba ta kama sunana, ba ta kallon idona. Na san kunyar 'yar fari ce, amma ko saƙo ne sai ta ce, "Ku tambayi Malama ko tana son kunu." Ina zaune a gabanta take faɗar haka. Baba yana sammakon gona, yanzu ana yankan riɗi, idan muka haɗu a soro sai ya ce, "Sannu da aiki, Malama," na durƙusa na gaishe shi, shi ke nan zancen ya ƙare.

A makaranta ma ni kaɗai ce mace a ofishin malamai, ni kaɗai ce 'yar gwaji. Ina da ɗalibai sittin da takwas a aji biyu na ƙaramar sakandare. Mintunan da nake gaban allo su ne kawai nake jin ni ce ni. Da an tashi sai na koma ɗaki na yi ta rubuta tsarin darasin gobe, na sake kwafe shi ba don yana da gyara ba, don dai la'asar ta yi. In na kira Goggo sai ta ce na rage kira, na zauna na saba da mutanena. Na san da kyakkyawar niyya take faɗa. Amma in na ajiye wayar sai na ji kamar can ma an rufe ƙofa.

A mako na uku aka yi taron iyaye da malamai. Shugaban makaranta ya tashe ni tsaye ya gabatar da ni, ya kira sunana haɗe da Abdulsalami, ya ce daga Birnin Kudu aka turo ni. Baba yana layi na biyu da hularsa ta zuwa Juma'a. Kowa a wurin ya san 'yar wace ce ni. Ya tafa tare da mutane. A hanyar gida yana gaba ina baya, bai ce komai ba, har yau bai ce ba.

To ga abin da ya sa na rubuto. An kira mu jami'a mu kai fayil na takardun da za a tura da sunayenmu don jarrabawar rajista. Cikin abin da aka nema har da takardar haihuwa da takardar shaidar ƙaramar hukuma. Waɗannan biyun Baba ne ya nemo mini su bara, ya bi ta wajen mai gari har sakateriya a kan mashin, kuma a jikinsu sunansa ne, Dabo. Ki yafe mini kama sunan, ko da na aro ne, shi ne maganar. Jami'in da ke karɓar fayil ya buɗe nawa, ya duba gaba ya duba baya, ya ce, "Mutum biyu ne a cikin fayil ɗin nan, wacce ce ke?" Ya miƙo mini, ya ce na daidaita sunan kafin ƙarshen wata, in ba haka ba sai rukunin baɗi. Akwai layi a bayana. Ban tambaye shi komai ba, na fito don kada na yi kuka a gaban mutane.

A hanyar dawowa na sauya mota a tashar Birnin Kudu. Daga nan zuwa gidan Goggo tafiyar minti goma ce a ƙafa. Na zauna a motar Gwaram fiye da awa guda tana jiran cika, ban sauka ba.

Ƙawata Ummu Salma ta ce abin mai sauƙi ne, na sa Malam ya nemo mini shaidar ƙaramar hukumar Birnin Kudu a matsayin 'yarsa, na ajiye na Baba a ƙasan akwati. Amma wannan ƙarya ce, kuma mutumin da ya koya mini gudun ƙarya zan sa ya sa mata hannu. In kuma na ce a mayar da komai sunan Baba, zan rasa wannan shekarar, sannan na goge sunan wanda ya raine ni. Malam ya tsufa, idonsa ya yi rauni, duk baƙon da ya zo sai ya gaya masa 'yarsa ta kusa zama malamar gwamnati. In kuwa na riƙe na Malam, sai na je na ce wa Baba ya raka ni wajen mai gari a cire sunansa daga takardun nan biyu, waɗanda su kaɗai suka haɗa ni da shi.

Saura kwana goma sha shida, kuma a cikinsu ne mai duba mu zai zo ajina. Ba na iya shirya darasi yadda na saba. Hajiya, wanne zan zaɓa, kuma wa zan fara gaya wa?

Daga 'yarki mai suna biyu, Basirka.

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yata. Na karanta wasiƙarki sau biyu. Matsaloli biyu kika ɗaure a ƙulli guda, ɗaya ta takarda, ɗaya ta zuciya, kuma ta takardar ce ƙarama.

Shawarar Ummu Salma ki ajiye ta. Kin riga kin faɗi dalili da bakinki. Na ƙara miki da cewa takardar da aka samo da ƙarya tana iya tashi bayan shekara ashirin, ranar da ake tantance ma'aikata, lokacin da babu mai gyara ta.

Kuskurenki ɗaya shi ne fitowa daga ofishin nan ba ki yi tambaya ba. Na yi shekaru ina koyarwa, na ga irin fayil ɗinki ba sau ɗaya ba, domin ƙasarmu cike take da 'ya'yan riƙo. Abin da na saba gani shi ne mutum ya je kotu ya yi takardar rantsuwa cewa sunayen nan biyu nasa ne, ya bayyana yadda aka yi, wani lokaci a haɗa da sanarwa a jarida. Ban ce lallai shi za a karɓa a wajenku ba, ƙa'idoji suna sauyawa, kuma ba ni ce hukuma ba. Ki nemi izinin kwana ɗaya a wajen shugaban makarantarki cikin makon nan, bayan kin tabbatar ba ranar ce mai duba ku zai zo ba. Ki koma wajen jami'in da safe kafin layi ya taru, ki gaya masa labarin a jimla uku, ki roƙe shi ya rubuta miki abin da ake bukata. In bai saurare ki ba, ki ga shugaban sashenku. Kada ki ba wani ɗan tsakani a bakin kotu takardunki na asali. Mai yiwuwa ki tarar ba a ce ki goge kowa ba.

In ta tabbata sai suna ɗaya, to kowane ɓangare yana da hujja. Addininmu ya ce a jingina ɗa ga mahaifinsa, wannan ba abin wasa ba ne. A ɗaya gefen, ba ke kika rubuta sunan ba, ba don gudun asali aka rubuta shi ba, kowa ya san ubanki, kuma sauya takardun makaranta na shekara goma sha shida aiki ne mai tsawo. In ma hakan ya sa kika bi rukunin baɗi, an jinkirta ki ne, digirinki yana nan. Amma ba ke kaɗai za ki yanke wannan ba, kuma kin manta wa kike da shi a gida. Malam Abdulsalami malami ne. Ya fi ni da ke sanin hukuncin nan, kuma ina kyautata zaton ya daɗe da abin a ransa, yana tsoron tayar da shi kada ki ɗauka korarki yake yi. Ke kina kare shi, shi yana kare ki, shekara ashirin babu wanda ya buɗe baki.

Ki fara da Goggo A'i. Ita ce 'yar'uwar wannan, matar wancan, ita ta ɗauko ki, ita ta san yadda za ta shigar da maganar ta kowace ƙofa. Kada ki yi ta waya. A hanyarki ta dawowa daga jami'a ki sauka a Birnin Kudu, ki shimfiɗa mata takardun, ku shiga wajen Malam tare. Bayan nan a bar manya biyun su yi magana a tsakaninsu. Surukan juna ne tun kafin a haife ki.

Mahaifinki kuwa, kada ki fassara shirunsa da rashin damuwa, kada kuma ki fassara shi da fushi. Mutumin da ya ba da 'ya riƙo yana ganin rashin kunya ne ya nuna yana son ta dawo. Amma ya bar gonarsa ya bi ofis-ofis don takardarki, ya zo taron makarantar da kike koyarwa. Ki yi masa godiya a kan waɗannan biyun, da baki, ko da kanki a sunkuye. Ki gaya masa yadda aka yi sunan ya shiga tun firamare, don mai yiwuwa babu wanda ya taɓa yi masa bayani.

Zancen zaman gida, ki yi mini uzuri na faɗa miki gaskiya. Suna girmama ki ne saboda ba su san me za su yi da ke ba, kuma su ma suna jin nauyinki. Kin zo da jaka da littattafai, kina shiga ɗaki ki saki labule, suna zaton hutu kike so. Ke ce babba, ke za ki fara. Gobe ki ɗauki samirar ki fito da ita, ki juye a kwanonsu ki zauna. Za su yi shiru ranar farko. In an karɓe tsintsiya ki ɗauki turmi. Ki kai rubutun darasinki tsakar gida ki yi shi kusa da murhu. Inna ba za ta kama sunanki ba har abada, kada ki jira wannan, amma za ta iya zama kusa da ke kuna tsince wake, kuma a wajen irin su wannan magana ce mai yawa. Mako biyar ba zai mayar da shekara ashirin ba. Zai isa dai a daina gyara zama in kin fito.

Sannan ki riƙe ajinki. Yara sittin da takwas ba su san komai game da fayil ba, kuma makin mai duba ku ba a gyara shi da rantsuwar kotu. Ki kammala shirin darasi tun da rana, ki ci abinci, ki huta.

Kada makon nan ya fita ba ki ga jami'in ba, ba ki ga Goggo ba. Allah ya warware miki cikin sauƙi, ya ba ki sa'ar jarrabawa, ya sa yaran da za ki koyar su amfana da ke, ya ja kwanan iyayenki huɗu su ga ranar da za a rantsar da ke.

Taki,
Hajiya Rahmatu