Maganin Luba da Aka Raba wa Unguwa

Ke mai karatu, in kina da wata kwalla a ƙarƙashin gado da kike tara ragowar maganin asibiti, ajiye jaridar nan ki je ki juye ta a masai, sannan ki dawo ki ji wasiƙar da ta iso mini.

Zuwa ga Gwaggo Madina, bayan gaisuwa mai yawa. Don Allah ki taimake ni, hankalina a tashe yake. A ajin yaƙi da jahilci na koyi rubutu, ki yi haƙuri da hannuna.

Surukata ce Luba, matar ɗana Halliru. Bara muka ɗauko ta daga Kudan, kuma duk garinmu Dandamisa an shaida ba a taɓa kawo yarinya mai kunya irinta ba. Malam, wato maigidanmu, tun da ƙafa ta hana shi zuwa gona yake wuni a gindin tsamiyar tsakar gida yana tufka igiya, hanyar makewayi kuwa ta gabansa ta bi. Wallahi Gwaggo, yarinyar nan ba ta taɓa wucewa ta gaban surukinta da buta ba. Ko ruwa ba ta sha da rana don kada ya matse ta, sai Malam ya shiga ɗaki da almuru. Har misali ake yi da ita a gidan suna.

Da damina ta fara kukan zafin fitsari. Halliru ya kai ta ɗakin shan magani, malamin wurin ya ba ta farin maganin nan ya ce ta shanye duka. Ko rabi ba ta ci ba ta warware. Ni kuwa ban taso da almubazzaranci ba, sai na adana sauran. Na ɗiba wa Kulu maƙwabciyarmu da haƙori ya dame ta, na ɗiba wa Mairama ungozoma, har tunkiyata da ta yi zawo na jiƙa mata, ta kuwa miƙe. Da ciwon ya dawo na roƙo ragowar wasu na ba ta, ya lafa, ya sake dawowa. Haka muke ta yi. Yanzu cikinta ya tsufa, ga zazzaɓi da rawar ɗari, tana riƙe kwiɓi tana hawaye, maganin kuwa kamar alli take haɗiya.

Malamin ɗakin shan maganin ya ce sai Zariya, a kai fitsarinta a kwalba a duba. Fitsarin matar aure a hannun maza, Gwaggo? Ga shi ana matsar rake, Halliru yana bakin tukunyar mazarƙwaila ba sukuni. Ni dai zargina tun da aka fara zancen mulkin kai Turawa suka rage wa magani ƙarfi. Ki faɗa mini inda ake samun irin na da.

Taki, Mai Zumunci, Dandamisa.

Sannu da ƙoƙari, Mai Zumunci. Ki isar wa tunkiya da barka, don a gidanku ita kaɗai ta mori asibiti.

Ki bar Turawa da laifuffukansu, suna da isassu. Wannan ba nasu ba ne. Abin da ke ƙona Luba ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani sai da madubin likita. Suna hawa mafitsara, kuma ba abin da ke musu daɗi kamar fitsarin da aka tare tun safe. Magani in ya shiga, raunanan cikinsu yake fara kashewa, sai zafi ya lafa. Masu taurin kan kuwa, ragowar maganin ne zai gama da su, wato wanda ya tafi haƙorin Kulu. Su suka tsira suka hayayyafa. Duk sanda kika ba ta ɗan abin da kika roƙo, tankaɗe kika yi: marasa ƙarfi suka zube, ƙarfafa suka zauna. Magani yana nan yadda yake, ciwon ne kika yi wa horo har ya ƙware.

Ban ce ba kya son yarinyar ba. Da ba kya son ta, da ba ki wahalar da hannunki da alƙalami ba. Kunya ma ado ce, da ita na raini nawa 'ya'yan. Amma kun yi ta yabon Luba har kuka rufe mata hanyar makewayi, kuna kallo mai ciki tana wuni da ƙishi kuna cewa madalla.

Zazzaɓi da ciwon kwiɓi alama ce abin ya kai ƙoda. Yakan tayar da naƙuda lokaci bai yi ba, ya tafi da ɗa, wani sa'in har da uwa. Saboda haka motar farko da ta tashi daga Makarfi zuwa Zariya gobe, ku shige ta. Mazarƙwaila ta jira. Da kwalbar fitsarin nan ake gane maganin da har yanzu yake cin ciwon. In hannun maza ne damuwarki, naɗe ta a mayafinki ki miƙa da kanki. Abin da suka ba ta kuma, ta shanye shi tas ko da ta ji garau. Kafin ku dawo a buɗe wata ƙofa a zana ta bayan ɗakinta, a kuma ajiye mata randa. Na tabbata da Malam ya san kwanciyar surukarsa daga zamansa ne, da tuni ya ja buzunsa zuwa zaure.

Allah ya ba Luba lafiya, ya sauke ta lafiya. Ni kam ina gama karanta wasiƙarki na tara 'ya'yana da surukaina na kafa doka: duk maganin da ya shigo gidana, cikin wadda aka ba shi zai ƙare a kan idona, kuma wadda ta riƙe fitsari don kunyar wani, da kaina zan ɗauki buta in rako ta.