Ganyen Kututturen Tsohon Gungu

Yelwa, Yuli 1993

Yaya Ɗangana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali, da aikin gandun daji a nan Birnin Kabi. Mu ma lafiya lau, sai godiyar Allah.

Za ka ga ganye cikin takardar nan. Bana ruwan tafki ya ja da baya sosai, har kututturan tsohon gungunmu da dam ya cinye suka fito fili, baƙaƙe kamar gawayi. Maigidana Lawali ya je duba taru wajen, sai ya tarar ɗaya daga cikinsu ya yi tofo kore shar. Icen da ya fi shekara ashirin a ƙarƙashin ruwa, Yaya!

A tsari ya yi kama da ganyen ɗinya, yatsu biyar, amma bayansa fari ne mai gashi-gashi, kuma in ka karya gindinsa ruwa ja ne ke ɗiga kamar na madobiya. Na kai wa masu sayar da magani a kasuwa, babu wanda ya san shi. Wani Bafillace ya miƙa wa saniyarsa, ta shinshina ta ja da baya.

Tun da aikinka ne, ka duba mana sunansa. Inna na gaishe ka.

Ƙanwarka,
Safiya

Yelwa, Agusta 1993

Yaya Ɗangana,

Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarku da damina. Takardarka ta iso. Ka ce ba giyayya ba ne, ba ya cikin littattafanku, kuma har yanzu ganyen bai bushe ba a kan teburinka. Wanda na ajiye ma haka yake, kullum da laima kamar yanzu aka tsinko shi.

Amma an samu wadda ta san shi. Inna ta gan shi a kan faifai tana tankaɗe, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta kira sunansa da Gunganci, yarenmu na gungu, wata kalma da ban taɓa ji ba. Ta ce a bayan ɗakinta yake a gungu. Ta ce a gindinsa aka binne ɗanta na fari, Cindo, wanda zazzaɓi ya ɗauka yana tatata. Ka taɓa jin muna da wa? Ni ban taɓa ji ba. Ta ce ranar tashi daga gungu an kwashi tukwane da awaki, Cindo kaɗai aka bari.

Tun daga nan kullum da safe sai Lawali ya kai ta cikin jirgi. Tana zama a gindin icen ta yi ta magana ƙasa-ƙasa, ta yi shiru kamar mai saurare, ta yi dariya. Abinci sai da lallashi, ta rame ƙwarai. Ga ruwa ya fara dawowa. Jiya har gwiwa ya kai mata, kuma da ƙyar Lawali ya ɓamɓare hannunta daga jikin icen. Ina tsoron ranar da za ta ƙi saki.

Ka taya mu da addu'a.

Ƙanwarka,
Safiya

Yelwa, Satumba 1993

Yaya Ɗangana,

Ina gaishe ka da dukan gida, Allah ya sa kuna lafiya.

Ranar Laraba ruwa ya kusa gama rufe icen. Na bi Inna da Lawali don hankalina bai kwanta ba. Da hantsi muka isa, rana tas, ba iska. Reshe ɗaya kawai ya rage a sama. Na riƙe zanen Inna gam don kada ta faɗa, amma ba ta yi yunƙurin komai ba. Ta tsoma hannuwanta biyu cikin ruwan har kafaɗa, ta ɗago su a hankali, ta ɗora a cinyarta, ta ce wa Lawali mu tafi gida, an gama.

A hanyar dawowa jirgin ya karkata ta gefenta, har ruwa na lasar bakinsa. Ka san Inna ba ta da nauyin kirki yanzu. Lawali ya yi ta tuƙi yana zufa. Da muka sauka ya ja jirgin kan tudu ya kife shi, har yau bai sake taɓa shi ba.

Inna kuwa ta warke. Tana cin tuwo, tana zuwa kasuwa, tana waƙa a bakin murhu. Sai dai kwano biyu take zubawa, kuma ba ta bari kowa ya zauna a tabarmar da ke kusa da gadonta. Da safe nakan shanya tabarmar, don sharkaf nake samunta.

Ka daina neman sunan icen, Yaya. Ka nemi izini wajen aiki ka zo gida, ni kaɗai abin ya fi ƙarfina. Na gaya wa Inna zan rubuta maka, ta yi murna, ta ce ka yi sauri ka zo ka gaida yayanka.

Ƙanwarka mai jiranka,
Safiya