Ni Na Sassauta Soket Ɗin Birkin Kawu

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi da duk masu karatu. Don girman Allah a sakaya sunana, sunayen da za ku gani a ciki ma duk na canza su. Na san akwai masu zagina idan sun karanta, ban hana kowa ba, amma ku daure ku kai ƙarshe tukuna, don zagin da nake yi wa kaina ya fi wanda za ku yi mini. Shawara nake nema, kuma kafin Juma'ar nan nake bukatarta.

Ni bakanike ne a Yelwan Yauri, kuma gadon sana'ar na yi. Mahaifinmu Usman, Allah ya jiƙansa, daga mota har injin jirgin ruwa babu wanda bai san hannunsa ba. Tun ina ƙarami nake cikin baƙin mai tare da shi, da ya rasu kuwa ni na riƙe garejin, yau shekara goma sha ɗaya ke nan. Ƙanena Sani, uwa ɗaya uba ɗaya, shi aka bari a boko, yanzu malamin lissafi ne a sakandare. Mutum ne mai gugar riga da ƙamshin turare, wanda ko tayar keke ban taɓa ganin ya kwance ba. Ba ƙinsa nake yi ba, wallahi ni nake goya shi a keke zuwa firamare. An sa masa rana da Hauwa, ɗiyar Kawunmu ƙanin Inna, kuma su suka haɗa kansu, suna son juna kowa ya sani.

Shi Kawu dillalin kifi ne, yana sayen banda a Warra yana turawa kudu. Duk motar da ya taɓa hawa ni nake duba masa. Bara ya sayo wata 'yar Kwatano mai giyar hannu, amma babu sandar hambirki a cikinta, sai wani ɗan maɓalli da ake ja da yatsa ɗaya, ka ji ƙafafun baya sun yi zuuu sun kama. Da birkin baya ya fara kuka ya kawo mini ita kamar kullum. Na ɗaga ta, na cire taya, na kwance kalifa, wato ƙarfen nan da ke matse farantin birki, sai na ga wani baƙin abu kamar gwangwanin madara manne a bayansa da waya a jiki. Ban kula shi ba. Na sa abin matsewa zan mayar da fistan, ƙarfen da ke tura takalman birki, ciki yadda na saba yi sau dubu, fistan ya ce bai san zancen ba. Na ƙara ƙarfi har gumi ya jiƙa mini riga, ko motsi. Tsoro ya kama ni kada in fasa abin da ban san inda zan samo shi ba, na mayar da komai yadda yake. To a nan ya kamata in ce ban sani ba. Amma ku faɗa mini, wane bakanike kuka taɓa ji ya ce bai sani ba? Sai na gyara murya na ce wa Kawu irin waɗannan sai an kai Kaduna an sa musu kwamfuta, duk Yauri babu mai iya taɓa ta.

Ranar Asabar da ta biyo baya na je gaida Inna bayan azahar, sai na tarar da motar a ƙofar gidanmu, ƙarƙashin dalbejiya, an ɗaga bayanta a kan jak. Sani na zaune a tabarma da singileti, ya jingina wayarsa da bulo, wani Bature yana ta bayani a ciki. A gefensa kuma akwatin sifanun Baba ne a buɗe. Akwatin nan sau uku ina roƙon Inna ta ba ni, tana cewa a bar mata shi a ɗaki tana tunawa da mai shi. Ni da na gaji sana'ar an hana ni, malamin lissafi ya tambaya sau ɗaya an ɗauko masa. Na tsaya ina kallon akwatin.

Da murnarsa ya tarbe ni, har yana matsa mini wuri a tabarma. Ya nuna mini cewa baƙin abin nan ɗan ƙaramin inji ne mai aiki da lantarki, shi ke tura fistan da wani dogon noti daga ciki, shi ya sa ƙarfi ba ya mayar da shi. Ya zare soket ɗin wayar lantarkin da ke jikinsa, ya kwance ƙusoshi biyu, ya cire shi, ya sa ɗan makulli a ramin da ke baya ya dinga juyawa dama har ya tsaya. Sannan ya sa manyan yatsunsa biyu ya danna fistan, ya shige kamar ana danna tuwo. Abin da ya hana ni sukuni rabin yini! Ya sa sababbin takalman birki, ya mayar da injin, ya danna soket har ya yi ƙas, ya yi wa ɗaya ƙafar haka, ya shiga ya tattaka birki har ya yi tauri. Ina tsaye ina gyaɗa kai kamar na san komai, har ina ce masa ya ƙara ɗaure can.

Da aka sauke motar daga jak, Kawu ya shiga ya ja maɓallin, ƙafafun baya suka yi zuuu, aka tura motar ko gezau. Ya fito yana tambayar Sani sunan abin da ya gyara, Sani ya ce kalifa ake ce masa. Kawu ya fashe da dariya ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Kalifa? To ai kai ne halifa! Ashe halifan Usman shina cikin gida, mu muna can muna biɗa tai gareji."

Inna tana leƙe daga zaure ta ce, "Hannun ubanai ya ɗauko, ni tun shina ƙarami nig gani."

Maƙwabta da suka taru suka yi dariya, ni ma na yi, har da tafi. Amma jama'a, shekara goma sha ɗaya ina riƙe da sunan mutumin nan a bakin titi, rana ta dake ni ruwa ya dake ni, farcena bai taɓa yin fari ba, Inna ba ta taɓa cewa na ɗauko hannunsa ba ko sau ɗaya. Rana ɗaya tak yaro ya kalli waya ya zama halifa? Ni kuma mene ne, mai gadin gareji? Kishi ne ya kama ni, ba zan sa masa wani suna ba, irin wanda kake jin ɗacinsa har a harshe.

Aka kira la'asar, kowa ya nufi masallaci, na ce su yi gaba zan yi alwala. Da layin ya yi shiru na kwanta na shiga ƙarƙashin motar. Kowane soket yana da ɗan harshen roba da ke riƙe shi. Na ɗaga harshen na ja soket ɗin rabi, yadda zai ci gaba da aiki amma girgizar hanya za ta ƙarasa zare shi. Na yi wa hagu, na yi wa dama. Na fito na kakkaɓe rigata, na yi alwala, na shiga sahu kafaɗata na gogar ta Sani.

Allah shi ne shaidata, abin da na nufa shi ne fitila ta kama a gaban direba, hambirki ya ƙi, Kawu ya dawo gareji yana cewa aikin waya ba aiki ba ne, ni kuma in danna soket in ce na gyara. Ɗan kunya kawai na so Sani ya ji. Amma in zan faɗi gaskiya duka, na san halin Kawu da fitilun mota, domin ni na koya masa. Ni na taɓa ce masa fitilun motocin Turai ƙarya suke yi, zafin ƙasarmu ne ke ruɗa su, har na liƙa masa takarda a kan wata da ta dame shi. Yaya aka yi ban tuna da wannan ba lokacin da nake ƙarƙashin motar? Ko na tuna ne na kau da kai?

Ranar kasuwar Warra Kawu ya tafi da motar. Fitila ta kama a hanya, bai kula ba. Ya isa gangaren bakin ruwa inda jirage ke sauke kaya, ya yi yadda ya saba: ya bar inji a kunne, giya a firi, ya ja maɓalli ya fita yana gaisawa da masunta. Cikin hayaniyar kasuwa wa zai lura babu zuuu? Motar ta fara tafiya a hankali. Da ya waiwaya, maimakon ya bar ta, sai ya bi ta da gudu zai shiga. Ƙofa ta make shi ya faɗi, tayar baya ta bi ta kan cinyarsa, motar ta wuce cikin ruwa har gilashi. Allah ya tsare babu kowa a gabanta, ga mata masu kifi ga yara. Masu jirgi ne suka jawo ta da igiyoyi. Kawu ya karye wuri biyu, dattijo mai shekara sittin da wani abu, kuma an ce ko ya warke da sanda zai ƙarasa rayuwarsa.

Motar kuwa garejina aka kawo ta, kamar yadda na so. Babban ɗan Kawu da Sani suna tsaye na shiga ƙarƙashi, ga soket biyu suna lilo. Ɗan Kawu ya leƙa ya gani da idonsa, na ce masa ba a danna su da kyau ba ne. Sani ya tsuguna ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ɗago ya ce, "Yaya, wallahi na ji sun yi ƙas, duka biyun. Soket ɗin da ya yi ƙas shina iya hita da kainai?"

Na ce, "Shina iyawa, in mutum bai saba ba kunne na ruɗinai."

Bai yi musu ba. Ya ce to, tunda kai ka faɗa. Da ya yi gardama da na fi samun sauƙi.

Sati biyar ke nan. 'Ya'yan Kawu maza sun ce wanda ya yi gwaji da ran ubansu daga kallon waya ba zai auri ƙanwarsu ba, Hauwa kuma an hana ta ko gaishe shi. A majalisa idan ya wuce sai ka ji ana cewa ga Halifa nan, a kwashe da dariya. Ranar farko da na ji haka wani sanyi ya ratsa ni, na ji daɗi, ba zan ɓoye muku ba, sai da na koma gida na ture kwanon abinci gefe ban ci ba. Sani ya rame, ya daina guga. Kullum ya tashi daga makaranta yana gidan Kawu, shi ke ɗaga shi, shi ke kai shi bayi, 'ya'yan gidan suna harararsa yana sunkuyar da kai. Makon jiya ya kawo mini akwatin Baba har gareji, ya ce in yafe masa da ya shiga gonar da ba tasa ba. Na karɓa. Yana nan ƙarƙashin benci, na kasa buɗe shi.

Shekaranjiya Kawu ya aiko aka kira ni. Yana kwance, ya sa aka fita aka bar mu mu biyu. Ya ce shi ba ya son zaluntar yaro, kuma ba ya son ɓata wa 'ya'yansa, don haka ranar Juma'a bayan an sauko masallaci zai tara Inna da su da Sani, ni in faɗi abin da na gani tsakanina da Allah. In sakacin Sani ne, zai bi ra'ayin 'ya'yansa a fasa auren. In laifin motar ne, magana ta mutu, biki yana nan. Na ce masa ko a kira wani bakanike ya duba. Ya riƙe hannuna ya ce, "Wa za ni kira? Ko rantsuwa ba ni sa ka, ɗan Usman ba shi yi mini ƙarya. Abin da kac ce shi za ni ɗauka."

Tun daga nan hanyoyi uku nake juyawa. In na tsaya a kan maganata ta farko, na kashe auren ƙanena da bakina bayan na karya kawuna da hannuna. In na ce laifin motar ne, wata ƙaryar ce a kan ƙarya, ɗan Kawu zai tambaye ni me ya sa na canza, kuma ko an yi auren Sani zai mutu yana ganin shi ya nakasa surukinsa, don na san shi, ba zai yarda ba. In kuwa na faɗi gaskiya, wa zai sake kawo mini ko babur a garin nan? Da wane ido zan kalli Inna? Matata da 'ya'yana fa, su zama iyalin wanda ya kwance wa kawunsa birki ya tafi ya yi salla?

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ban warke ba. Jiya na shiga wurin Inna na same ta tana kuka, tana roƙon Allah ya wanke mata Sani, ya tona asirin duk abin da ke ɓoye. Na ce amin. Kuma ina faɗin amin ɗin nan, abin da ke raina shi ne, da ni ne a wannan halin, anya za ta yi mini kuka haka?

Malamai da masu hankali, kada ku ce in yi istigfari kawai, ina yi ba dare ba rana, amma istigfari ba zai yi magana a madadina ranar Juma'a ba. Kwana biyu suka rage, kuma jiya Sani ya turo mini saƙo cewa kada in ji nauyinsa, in faɗi gaskiya ko da a kansa za ta faɗa.

Me zan yi?