Tsagar da Ke Bangon Ɗakin Mama

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin rahama. Na san ba za ka karanta wannan ba. Amma kai kaɗai na sani a Gonin Gora da zai saurari zancen nan har ƙarshe bai ce in bar wa Allah ba.

Labarin gari dai, soja sun koma bariki, mun yi zaɓe, har kansila gare mu yanzu. Labarin gida kuwa, bangon ɗakin Mama ya tsage daga taga har ƙasa. Ina iya zura yatsa a ciki. Ƙasa kan yi motsi, kwanukanta su kaɗa, kaji su watse, sannan a yi shiru. Haka gidan Malam Audu tela, haka duk layinmu.

Kansila ya tara mu ya ce girgizar ƙasa ce. Wai masana sun duba, unguwar tana kan bakin rami, mai hankali ya tashi tun da wuri. Bai faɗi sunan masani ko ɗaya ba. Makon bai ƙare ba dillalai suka fara ƙwanƙwasa ƙofofi. Wa ya gaya musu?

Ka tuna dafaffen ƙwan da kake shiga aji da shi? Ni ma ka yi min a kan tabarma. Ka ce gwaiduwa ita ce cibiyar duniya, ƙarfe mai tsananin zafi. Farin shi ne dutsen da ke kewaye da ita, mai tafiya a hankali saboda zafi. Ɓawon kuma shi muke takawa. Sai ka buga masa bayan cokali ya rarrabe, ka ce haka ɓawon duniya yake, gutsa-gutsa ne manya, suna matsawa kamar yadda farce ke tsiro. A bakin gaɓa, inda suke gogar juna su maƙale su suɓuce, nan ake girgiza. Mu kuwa muna tsakiyar namu gutsuren. Gefensa ɗaya yana can tsakiyar Tekun Atilantika, wani yana wajen Bahar Maliya.

To Baba, yaushe gaɓar ta yi ƙaura zuwa hanyar Abuja?

Aikin tace labarai ya koya min in tambayi lokaci kafin in tambayi dalili. Girgizarmu ba ta zuwa sai da rana. Ba ta zuwa ranar Lahadi. Ranar Juma'a takan jira a sauko daga masallaci. Ranar da aka rantsar da sabuwar gwamnati aka ba da hutu, ita ma ta huta. Ka taɓa jin ƙasa mai kiyaye hutun ma'aikata? A bayan tudu kuwa akwai sabon kamfanin fasa dutse, mai aiki da nakiya. An ce dutsen da suke ci ya ratso har ƙarƙashin gidajenmu. Ban ce na kansila ne ba. Ban da shaida. Motarsa kawai na gani a ƙofarsu.

Ga abin da ban taɓa gaya maka ba. Tun ranar ƙwan nan nake tsoron ƙasa. Kai kana murnar tana motsi, ni ina kwanciya ina sauraronta. Kuma kai ne ka ce ko a tsakiyar gutsure akwai tsofaffin tsagogi da kan farka jefi-jefi. Idan ni ne na yi kuskure fa? Idan na hana Mama tashi, bangon ya zo kanta? Ita ta gaji. Ta ce gida bai fi rai ba, kuma gaskiyarta. Sai dai kai ka ɗora tubalin nan da hannunka, hutu bayan hutu, kuma ba na son ta bar shi saboda ƙarya.

Na mayar da gadonta falo, ni na koma ɗakin mai tsaga. Gidan kuwa ban sayar ba.

Gobe Lahadi da yamma za a sake taro a ƙofar mai unguwa, kansila zai zo. Ya zaɓi ranar da ƙasa ba ta motsi. Na ce wa Mama ta dafa min ƙwai ɗaya. Ba ta tambaye ni dalili ba. Ta dube ni, ta ɗauko cokalinka ta ajiye kusa da tukunya.

Ka huta lafiya, Baba. Ƙasa ta yi maka sauƙi, ta kuma zauna wuri ɗaya.

Ɗanka da bai daina saurare ba,
Ishaku