Na Ɓoye Bot, Sai Babana Ya Ɓace

Gwaggo, don Allah ki taimaka mini da shawara, ko da za ki yi mini dariya tukuna. Maganar a kan babana ce da wani ɗan maɓalli.

Baba ya yi rayuwarsa a gidan waya yana rarraba wasiƙu, kowace ya jefa ta cikin akwatin unguwarta. Da ya yi ritaya sai hannun ya ƙi zama. Ya jera wa Mama tukwanenta daga babba zuwa ƙarama, ya raba cokula gida-gida, har sai da ta kira ni ta ce in zo in nema wa ubana abin yi kafin ya fara jera jikoki. Ni kuwa ina ɗan taɓa rubutu a wani wiki, irin kundin nan na intanet da kowa ke iya gyarawa. Na ba shi tsohuwar kwamfutata, na nuna masa yadda ake saka kowane shafi cikin rukuninsa: tsuntsu wajen tsuntsaye, kogi wajen koguna. Gwaggo, kamar an mayar da shi bakin aiki. Da safe zai yi wanka, ya sa riga mai guga, ya zauna a teburin falo da tabarau a kan hanci, ba mai iya ɗaga shi sai azahar.

Akwai shafin da ke nuna sababbin gyare-gyare, wanda ya yi gyara da abin da ya gyara. Ina aiki a kantin magani nesa da gida, don haka kullum kafin in buɗe kanti nakan leƙa. In na ga sunansa jere, na san ya tashi lafiya. Shi kuma abin da ke masa daɗi shi ne ɗan saƙon godiya da editoci ke latsa wa juna. Har karanta wa Mama su yake yi, ita tana wanke-wanke ko a jikinta.

To, kwanaki shafin ya cika da aikin bot, wato manhajar da ke ƙananan gyare-gyare da kanta ba hannun mutum. Na gano akwai wurin da ake latsawa a ɓoye su. Na latsa, shafin ya yi fes, amma babu sunan Baba. Washegari ma babu. Na kira Mama, ta ce ga shi nan yana ta ƙwas-ƙwas ɗinsa tun safe. Abin ya ɗaure mini kai. Na sake latsawa bot ɗin suka dawo, sai ga shi tsundum a tsakiyarsu, da ɗan harafi a gefen kowane gyaransa.

Da na bi diddigi na gane abin da ya faru. Yawan gyaransa yana binne na kowa, masu sa ido kan ɓarna ba sa ganin komai sai shi. Masu gudanarwa suka rubuta masa cewa za su sa wa asusunsa alamar bot, shi kuma ya amsa da godiya mai tsawo, don ya ɗauka ƙarin girma ne. Ya gaya wa kawuna, ya gaya wa mai aski. Yawancin editoci kuwa a ɓoye suke barin bot, kenan ba wanda ke ganinsa. Na je in latsa masa godiya da kaina, na tarar ko maɓallin babu a gefen aikinsa, don ba a yi wa inji godiya.

Yanzu ya fara sanyi. Ya ce wa Mama tun da aka ɗaga shi mutane suka ɗauke masa wuta, wataƙila hassada ce, wataƙila kuma aikin nasa ne ya daina kyau. Jiya ta ce ya rufe kwamfutar tun hantsi, ya tambaya ko ina son a mayar mini da abata. Ina tsoron in ya ajiye ta ya koma zaman shiru. In gaya masa gaskiya, in kunyata shi bayan duk unguwa ta ji labarin muƙami? Ko in roƙi a cire alamar a ɓoye, in ce masa ban san komai ba? Kuma abin da ke ta yi mini yawo a kai: in mutum yana aiki ba gajiya ba kuskure, ta ina ake gane ba inji ba ne?

'Yar Mai Wasiƙu

'Yata,

Na yi dariyar, ba zan ɓoye miki ba. Sai da na je na buɗe irin wannan shafi na latsa abin da kika ce, na ga jeri guda ya ɓace ɗif. Ban taɓa tunanin akwai mai tabarau a cikin waɗanda suka ɓace ba.

Kada ki riƙe masu gudanarwa a rai. An yi shafin ne don a kama mai ɓarna da wuri, kuma in mutum ɗaya ya cika shi, ɓarna za ta wuce ba a gani ba. Sun kuma sanar da Baba. Inda suka gaza shi ne ba su tabbatar dattijon ya fahimci abin da ya amince da shi ba. Amma ki lura da wani abu: ba a ɓoye aikin wanda ake shakka. Wanda aka yarda ba sai an bi bayansa ba shi ake ɓoyewa. Ashe Baba bai yi ƙarya ga mai aski ba, rabin labarin kawai ya samu.

Batun cirewa a ɓoye, ki bar shi. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana gane wasiƙar da ta ɓata hanya zai ga harafin nan ya tafi, sai ya ɗauka an sauke shi, ki ga an koma gidan jiya. Ki je gida, ki zauna kusa da shi a teburin nan, ki latsa maɓallin a gabansa ya ga sunansa ya ɓace, ki sake latsawa ya dawo. Ki fara da rabin mai daɗi, cewa sun amince da hannunsa, sannan ki gaya masa cewa shirun nan ba hassada ba ce, ba a ganinsa ne kawai. Zai ji kunya, amma ta yini ɗaya ce, ta fi masa sauƙi a kan zaton aikinsa ya lalace.

Daga nan zaɓi nasa ne. Yana iya neman a cire alamar ya rage sauri, ko ya tambayi masu gudanarwa ko za a bar ta a kan asusun da yake jera shafuka da shi, ya buɗe wani na kansa. Ni da zan ba shi shawara, ya fara rubuta abin da ya sani: yadda wasiƙa ke tafiya daga hannu zuwa hannu, da yadda ake yi da wadda adireshinta ya goge. Wannan ba bot ɗin da zai rubuta shi.

Kin tambaya ta ina ake gane mutum. Kin riga kin gani: inji ba ya rufe kwamfuta da hantsi don an daina gode masa. Saura ke. Shafin nan yana gaya miki Baba ya tashi, amma shi ba ya gaya masa kin leƙo. Watanni kina duba shi kullum bai sani ba, kin ga ke ma a ɓoye kike a wurinsa. Gobe kafin ki buɗe kanti, ki bar shafin, ki kira shi ki ce kin ga aikinsa na jiya kuma kin gode.

Allah ya ƙara masa lafiya, ya bar wa Mama tukwanenta yadda ta ajiye su.

Gwaggonku