Akwatuna Biyun da Na Bari

Litinin, 3 ga Maris
Mun taso zagayen duba ɗalibanmu masu koyon koyarwa. Makarantu goma sha ɗaya, mako huɗu, mu huɗu a mota ɗaya. Na fito da akwatuna uku. Direba ya dube su, ya dube ni: "Malama, tashi kika yi daga garin gaba ɗaya?" Bayan motar cike yake da takardun maki, ɗaya kawai zai shiga. Na ja na kusa da ni. Sauran biyun Yaya ya zo ya kwashe, yana danne dariya.

Bai tafi ba sai da ya sake tayar da maganar Umma. Gwiwarta ta daina hawa matakalar gidansa, ni kuma gidana ba bene ba ne, ga ɗaki biyu. Na ba shi amsar da na saba: ɗaki na biyun cike yake da kaya, ina zan kai su? Ya ce ƙarshen wata yake son jin matsayina, in ba haka ba Umma ta koma wurin ƙanwarta, tafiyar yini guda daga inda muke.

Talata, 4 ga Maris
Na buɗe akwatin. Takalma ƙafa shida, dutsen guga, littattafai biyar, riguna uku, mayafi ɗaya. Digiri biyu gare ni, amma akwatin takalma na ɗauko.

Juma'a, 7 ga Maris
Masauki: gado, kujera, ƙusa a bango. Ƙusar ce kabad. Ba lantarki, don haka dutsen guga ya samu aikin tare ƙofa. Malamar Lissafi, wadda muke ɗaki ɗaya, da 'yar jaka ɗaya ta zo, kuma kullum tsaf take. Ba na son irin mutanen nan.

Lahadi, 9 ga Maris
Wanki. Minti ashirin na gama, na rasa abin yi da sauran yinin. Haushi.

Laraba, 12 ga Maris
Wata ɗalibarmu ta koya wa yara sittin rabi da kwata da lemo ɗaya da guntun alli. Sun gane sarai. Na ba ta maki mai kyau, na kuma ƙi ɗaukar darasin komai daga ciki.

Asabar, 15 ga Maris
Direba ya ce yanzu da rigata yake gane ranar mako. "Shuɗiyar ce? To yau Laraba ko Asabar." Ban yi dariya ba. Amma tun da muka taso ban makara ba ko sau ɗaya, ni da ake jira kullum.

Talata, 18 ga Maris
Umma ta kira. Ina cin abinci kuwa? Ina ci. A tsakiyar hira ta sako cewa kwananta tara ba ta sauko ƙasa ba, ta taga take gaisa da maƙwabta. Sannan: "Kada ki takura kanki, 'yar nan, su ma kaya ai suna buƙatar wurin kwana." Ban san ko gatse ne ba. A wurinta na gaje shi, ya kamata in gane.

Alhamis, 20 ga Maris
Yaya a waya. Akwatunan sun tare masa hanya, matarsa na tambaya ko akwai abin da zai lalace. "Me ke ciki ne, Farfesa?" Na buɗe baki. Tawul. Wata kwalbar turare. Shi ke nan abin da na tuna, ni da na yi kwana biyu ina shirya su. Ya ce, "Layin ne ya yanke?" Na ce eh, na kashe.

Juma'a, 21 ga Maris
Na gwada lissafa abin da ke ɗaki na biyu a bayan takardar maki. A bakwai na tsaya. Ɗakin kuwa har silin. Malamar Lissafi ta leƙo, wai amsar me nake nema? Na ce ta ji da nata.

Alhamis, 27 ga Maris
Gobe gida. Na tura wa Yaya saƙo ya zo da motar kaya jibi, ya taho da matarsa da duk mai son wani abu daga kayan ɗaki na biyu. Ba wani abu ba ne, ɗakin dama yana buƙatar shara.

Ba a yi minti goma ba sai ga kiran Umma. Gadonta zai shiga? Zai shiga. Ta gyara murya, ta ce akwatunanta fa bakwai ne, ban da kwanuka.

Bakwai!

Na ce ta taho da su. Ban san lokacin da bakina ya faɗa ba.